Daga Faifan Bakace Zuwa Faifan Bidiyo

Jama'a, assalamu alaikum. Tambayoyin da suka taru a gabana wannan mako kusan duk hanya ɗaya suka bi, wato kalmomin da muke zancen waƙa da bidiyo da 'yan fim da su, don haka na haɗa su wuri guda. Masu tambaya a kan sunayen iskokin damina su ƙara haƙuri, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.

Tambaya daga wata ɗaliba a Kongo: Malam, me ya sa ake cewa "faifan bidiyo" alhali abin a cikin waya yake, babu wani faifai da ake gani? Ba kuskure ba ne?

'Yata, babu kuskure ko kaɗan, kuma kin taɓo kalmar da nake ji da ita. In kin je gida hutu, leƙa madafin kakarki. Abin nan zagayayye da aka saƙa da kaba, wanda take rufe ƙwaryar fura da shi, take kuma bakace tsaba da shi bayan surfe, shi ne faifai na asali. Da garmaho ya iso ƙasar nan, Bahaushe ya ga baƙin abu zagayayye, ga siraran layuka sun nannaɗe shi tun daga baki har cibiya, daidai yadda saƙar faifai take tafiya. Bai jira wani kwamiti ya zauna ba, ya ce faifan garmaho, magana ta zauna daram.

Ina yaro akwai wani tela a Tudun Wada, abokin mahaifina, mai garmaho. In an idar da la'asar sai ya ture keken ɗinki gefe, ya fito da akwatin, ya wana hannunsa har ya yi tauri, ya buɗe ɗan gwangwanin allurai ya ɗaura sabuwa, sannan ya goge faifan da gefen rigarsa ya ɗora. A tsakiyar faifan akwai hoton kare ya kasa kunne a bakin ƙaho. Mu yara ba a bari mu taɓa, don in ya faɗi fashewa yake kamar tangaran. In wanawar ta kusa ƙarewa sai muryar mawaƙin ta riƙa ja tana kauri, mu ce ya gaji, tela ya yi maza ya ƙara wanawa, murya ta dawo daidai.

Irin wannan faifai sau 78 yake juyawa a minti ɗaya, kuma fuska ɗaya ba ta ɗaukar abin da ya wuce minti 3 da 'yan kai. Wannan ƙunci ne ya yanka wa waƙar zamani ta Turawa tsawonta, har yau yawancinsu a nan suke tsayawa. Makaɗanmu kuwa a minti uku ko share fage ba su gama ba. Kaset ne ya yi musu adalci. Kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, kuma yana ɗaukar minti 60 ko 90, sai ga shi makaɗi ya samu filin da zai jero mutum da iyayensa da garinsu ba a katse shi ba. Amma ki lura, kaset bai samu sunan faifai ba, domin mai kusurwa huɗu ne. Sunansa na aro ya riƙe. Da CD ya zo, zagayayye mai ƙyalli, sai sunan ya dawo da kansa, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano suka yi ta lodin faya-fayai zuwa ko'ina.

Yanzu abin ya shige cikin waya, siffa ta tafi, suna ya tsaya. Wannan ba sabon abu ba ne. Ita kanta "waya" ai sunan zaren ƙarfen nan ne da ake ja a kan turaku, ga shi ta hannunki ko zare ɗaya ba ta da shi, kuma ba wanda ya ce miki kin yi kuskure. Abin da nake roƙo kawai shi ne masu cewa "bidiyo kilif" su ji tausayin kunnuwanmu. Guntun faifai ko gajeren bidiyo sun wadatar.

Tambaya daga wani dattijo a Wusasa: Jikokina suna ce wa silima majigi. Ɗaya suke?

Baba, ka fi ni sanin ba ɗaya suke ba. Majigi daga kalmar Turanci ta sihiri aka samo shi, domin na'urar haska hoto ta farko "fitilar sihiri" suke ce mata. Motar gwamnati ce take kawo shi, tun zamanin Turawa har zuwa gwamnatin Jihar Arewa, a kafa farin ƙyalle a ƙofar fada ko filin makaranta, a nuna noman auduga da tsaftar rijiya, mai fassara yana bayani ta lasifika, kuma ko kwabo ba a biya. Silima kuwa gida ne da ake yankar tikiti, can Sabon Gari, inda ake nuna na Indiya da na kaboyi, kuma a da yaron kirki ba ya so a gan shi a ƙofarsa. A yau majigi ya koma sunan na'urar da ake haska rubutu da ita a bango a ɗakin lacca, wannan kuma daidai ne.

Tambaya daga wani matashi mai ɗaukar bidiyon waƙa a Samaru: Allah ya gafarta Malam, na rubuta "Gani ya kori ji" a allon shagona, ina nufin zamanin sauraron waƙa ya wuce, yanzu na kallo ne. Yayana ya ce na karkatar da karin maganar. Wa ya yi daidai?

Ɗana, yayanka ne ya yi daidai. "Ji" da ke cikin wannan karin magana na labari ne, irin na "an ce, ka ce". An gaya maka kogi ya kawo, kana musu, ka je ka tarar ya shafe gada. To, gani ya kori ji. Maganar shaida ce da kawar da shakka. Babu ruwanta da sauraro na jin daɗi, balle a ce ido ya fi kunne daraja. Na sha jin masu gabatar da shiri suna yi mata wannan fassara, kuma duk sa'ad da na ji sai raina ya sosu, domin ana fakewa da hikimar magabata ne a tabbatar da abin da ba su faɗa ba.

Abin da kake nufi dai ba kai ka fara tunaninsa ba. Tun da fim ya fara magana a Amurka a 1927, da waƙa ya buɗe baki. Na farko mai magana a Indiya, a 1931, waƙoƙi bakwai ne a cikinsa, kuma daga nan ba su sake rabuwa da waƙa ba. A shekarun 1940 akwai akwatuna a wuraren shaƙatawa na Amurka da mutum zai jefa kuɗi ya kalli ɗan fim na waƙa ɗaya. Amma ranar da abin ya zama sana'a mai zaman kanta ita ce 1 ga Agusta, 1981, da aka buɗe tashar talabijin ta MTV, wadda a lokacin ba ta da aiki dare da rana sai nuna bidiyon waƙa. Da gangan suka fara da waƙar wasu 'yan Ingila da ake kira Buggles, wadda sunanta ke nufin bidiyo ya kashe tauraron rediyo. Ka ga irin maganar allonka ke nan. A ƙarshen 1983 Michael Jackson ya fito da bidiyon Thriller, mai kusan minti 14, da labari da kwalliya da rawar gayya, daga nan kamfanoni suka gane cewa hoto ne ke sayar da faifai. YouTube ya zo a 2005, kuma a 2012 waƙar wani ɗan Koriya ta Kudu ta zama ta farko da aka kalla sau biliyan ɗaya a can, alhali mafi yawan masu kallon ko kalma ɗaya ba sa ji a cikinta. Wannan kam abin a tsaya a yi tunani ne.

Mu a nan, talabijin ya fara a Ibadan a 1959, ya iso Kaduna a 1962. Waɗanda suka ga yadda ake nuna makaɗa a lokacin za su tuna: Shata a tsaye, masu kalangu a gefe, ko Ɗanmaraya Jos shi kaɗai da ɗan kuntiginsa. Kyamara ba ta ƙara komai, shaida kawai take yi. In ka rufe ido ba ka yi asarar komai ba sai murmushin makaɗin. Sauyi ya zo ne ta hanyar fim. Turmin Danya ya fito a Kano a 1990, sannan Sangaya a 1999 ya buɗe ƙofar rawa da waƙa da kiɗan fiyano, har ta kai furodusa yana fara tanadin waƙoƙi kafin ya san labarin da zai ɗora musu.

Ba ina ƙin sana'arka ba ne, Allah ya sa mata albarka. Amma kana zaune a garin Aliyu Namangi. Makaho ne, bai taɓa ganin masu sauraronsa ba, su ma yawancinsu ba su taɓa ganinsa ba, amma waƙarsa ta Imfiraji ta ratsa ƙasar Hausa a bakin makafi da akwatin rediyo, aka buga ta a nan Zariya, yau ana nazarinta a jami'a. Wane gani ne ya kori wannan ji? In mawaƙi ya kawo maka aiki, kafin ka ɗauko kyamara, kifa wayar a kan tebur ka saurara sau biyu. In ta tsaya da ƙafarta, hotonka ado ne. In ba ta tsaya ba, gaya masa gaskiya ya koma ya gyara baitocinsa, domin motar haya da gidan aro ba za su ɗauke ta ba. Kayan aro ba ya rufe katara. A allon kuwa, rubuta "In kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya". Ita ce ta dace da nufinka.

Tambaya daga Gyallesu: Mene ne asalin "'yan amshin Shata"?

Masu amsa wa Mamman Shata ne, waɗanda suke maimaita amshi ɗaya duk inda ya nufa da waƙa. Sai aka ara wa majalisa ko mabiyan da ba sa cewa a'a. Su na asalin aikinsu suke yi, kuma sun iya shi. Wanda suke wa amshin Jami'ar Ahmadu Bello ta ba shi digirin girmamawa a 1988.

Tambaya daga wata malamar firamare a Tudun Jukun: Ya halatta a kira ɗan fim "jarumi"? Ɗalibaina sun ɗauka ma'anar kalmar ke nan.

Malama, wannan damuwa taki tawa ce. Jarumi shi ne mai tsayawa a fagen fama ranar da maza suka juya baya. Mu a Zazzau in an ce jaruma, Amina 'yar Bakwa ta san rana ce take fara zuwa zuciya. Masu shiga silima a da "akta" suke cewa, abokin gabarsa kuma "bos", har yara suna cewa akta ba ya mutuwa. Da fim ɗin Hausa ya kafu aka nemi kalmar gida, sai aka ɗauko jarumi, domin shi ne mai dukan mutum goma ya ceci yarinya. Zuwa nan ban ga laifi ba. Inda aka wuce gona da iri shi ne kowa ya zama jarumi: wanda ya fito ya miƙa kofin ruwa jarumi, wadda ta yi rawar minti biyu a bidiyon waƙa jaruma. Jarumin fim ɗaya ne, ko biyu. Sauran 'yan wasa ne, kuma ba ƙasƙanci a wannan suna. Ki koya wa yaran ma'anar farko tukuna, ta biyun za ta same su ko ba ki koya musu ba.

Tauraro da tauraruwa fassara ce daga Turanci, amma ta faɗo a kan shimfiɗa, domin dama muna cewa tauraron wane yana haskawa. Mujallar da aka fara buga sunan Kannywood a cikinta a 1999 ma Tauraruwa sunanta. Sai dai na taɓa jin mai gabatarwa a wurin biki yana yi wa wata mawaƙiya kirari da "tauraruwa mai wutsiya", jama'a suna tafi. Da ya san ƙarashen, wato "ganinki ba alheri ba", da ya nemi gafararta. In yabo ake so, ga zara, ga farin wata sha kallo.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Ƙofar Doka: Mene ne "mamin" da 'yan fim suke faɗa? Kuma "waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi" tana aiki a kansa?

Hajiya, mamin kalmar aro ce daga Turanci, ma'anarta motsa baki daidai da waƙar da wani ya riga ya rera. A wurin ɗauka ana kunna waƙar a lasifika, ɗan wasa yana bin ta da leɓe, a yanke, a sake, har sai baki ya dace da murya. Suna kuma cewa wance ta "hau" waƙar. Wannan ta fi burge ni nesa ba kusa ba, domin ta faɗi gaskiyar lamarin: waƙar doki ce, mai ita daban, wani ya hau ya yi kilisa a gaban jama'a.

Daga Indiya muka ɗauko al'adar, su kuma tun shekarun 1930 suke yin ta. Lata Mangeshkar, wadda ta rasu a 2022, ta shafe shekaru wajen saba'in tana ba 'yan wasa mata muryarta, uwa ta hau, 'yarta ma ta zo ta hau. A farkon tasowarta har an fitar da faifan wata waƙa tata a 1949 da sunan matar da ke cikin labarin fim ɗin, ba da nata ba. Daga baya mawaƙan can suka tsaya kai da fata sai da aka riƙa rubuta sunayensu, har mai sauraro ya zamana yana tambayar wa ya rera kafin ya tambayi wa ya hau. A Turai kuwa, inda ake ɗaukar wanda aka gani shi ne mai muryar, ɓoyewa yaudara ce. Wasu samari biyu da ake kira Milli Vanilli an ƙwace musu kambun mawaƙa na Grammy a 1990 da aka gano ba su ne suka rera waƙoƙinsu ba.

Mu fa? Shekaru da dama matan aure suna kiran waƙa da sunan 'yar wasan da ta hau ta, alhali muryar ta irin su Fati Nijar ce ko Maryam A. Baba, suna can cikin ɗan ɗakin sitidiyo ba wanda ya san fuskarsu. 'Yar wasa ta samu kyautar atamfa da gaisuwa a titi, mai murya ta karɓi ɗan abin da aka ba ta ta hau acaɓa. Wannan ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Alhamdu lillahi, bidiyon waƙa ya gyara wani abu a nan, kuma dole in yaba masa: mawaƙa sun fito da fuskokinsu, wasu irin su Umar M. Shareef ma har sun shiga fim da kansu.

Karin maganar kuwa a asali ba a kan kiɗa kaɗai take ba. Ana faɗinta ne in ana so wanda abu ya faru a kansa ya ba da labarinsa da bakinsa. Amma in kin mayar da ita kan mamin ba ki yi ɓarna ba, kin mayar da ita gidansu ne. Wanda ya haifi baiti ya san inda zai ja numfashi da inda muryarsa za ta karye. Mai hawa, komai gwanintarsa, leɓe kawai yake da shi.

Tambaya daga wani ɗan jarida mai koyon aiki a Sabon Gari: "Mawaƙi ya saki sabuwar waƙa", Hausa ce?

Kalmomin dai na Hausa ne, tunanin na Turanci. Bahaushe yana sakin abin da ya riƙe ko ya ɗaure: a saki akuya, a saki fursuna, a saki mata, a saki fuska, a saki jiki. A cikin yawancinsu akwai rabuwa da cire hannu. Shi kuwa mawaƙi ranar da waƙarsa ta fito ne ma yake ƙara rungumarta. Me ya hana ka ce ya fitar da sabuwar waƙa, ko waƙarsa ta fito, ko ta shiga kasuwa? Na san "saki" ta bazu, kuma mai yiwuwa ta fi ƙarfina, amma kai da alƙalami yake hannunka ba dole ne ka taya ta ba. Wadda ba zan lamunta ba ita ce "ya sauke waƙa" da nufin ya fitar. Sauke ta riga ta samu aiki, ita ce jawo abu daga intanet zuwa waya. In mawaƙi ya sauke, mai sauraro ma ya sauke, wa ya ba wani?

Tambaya daga Hanwa: Me ya sa ake ce wa waƙoƙin fim "nanaye"?

Daga dandali ne. 'Yan mata in suna gaɗa da farin wata, da "ayye yaraye nanaye" suke cike gurbin baiti su riƙe tafi. Da waƙoƙin fiyano suka fito cike da irin wannan amshi, sai masu raina su suka ce 'yan nanaye, sunan kuma ya bi su. Ni ban ga abin kunya a ciki ba. Musayar baiti tsakanin saurayi da budurwa a cikin lambu ta Indiya ce, amma amshin na kakanninmu mata ne, kuma shi ne abin da ya fi zama namu a cikin waƙoƙin.

Tambaya daga Ɗanmagaji: Yaya za a ce waƙa tana "tirendin" da Hausa?

Tana tashe. Ko ka ce ita ake yayi.

Tambaya daga wani ɗalibi ɗan Kwarbai da ke karatu a Kano: Abokaina suna yi mini dariya in na ce "waƙan nan". Wai "waƙar nan" ake cewa.

Ɗana, a daidaitacciyar Hausa waƙa mace ce, don haka a takardar jarrabawa da jarida "waƙar nan" za ka rubuta, kamar yadda za ka rubuta "rigar" da "motar". Amma abin da kake faɗa Zazzaganci ne, ba gurɓatacciyar Hausa ba. Karin harshenmu ya daɗe da sassauta bambancin jinsi a irin waɗannan wurare, shi ya sa za ka ji dattijo a cikin birni ya ce "matana" inda Bakano zai ce "matata". Ka rubuta irin tasu, ka yi hira da irin ta gidanku. Bidiyo kuwa namiji ne a wurinmu da wurinsu: bidiyon nan, bidiyon waƙar.